Subira Ta Daina Hayaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji wanda har yau bai gama fitar da abin da ya shaƙa ba, ni Rajabu Shemndolwa na ƙauyen Kwebamba, a madadin iyalina da ɗaukacin masu shanun tatsa na wannan ɓangare na dutsen Usambara, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, a-kori-kura mai shan dizal, wadda babba da yaro suka sani da Subira. Ta cika ranar Juma'a ta makon jiya da misalin ƙarfe tara na safe, a harabar ƙungiyar masu madara, bayan gajeriyar jinya ta kwana huɗu. Cutar da ta daɗe tana fama da ita ba ita ta kashe ta ba. Magani ne ya kashe ta, kuma da hannuna na ba ta.

Ba wanda ya san ainihin shekarun marigayiyar. Ta sauka daga jirgin ruwa a Darussalam da furfurarta, ta yi iyayengiji uku kafin ta zo hannuna, kuma mun yi shekara ashirin da shida tare. Sunan Subira, wato haƙuri, ni na rubuta mata shi a ƙyauren baya da jan fenti. Mutane sun ɗauka yabon halinta nake yi, alhali nasiha ce ga duk direban da ƙaddara ta sa ya biyo bayanta a hawa.

Marigayiya ba ta da kwaɗayi. Tankinta na asali tsatsa ta cinye shi tun shekarar da ruwa ya tafi da tsohuwar gada. Daga nan ta koma shan mai daga jarka mai cin lita biyar, wadda na ɗaure a bayan kujera, tiyo ya ratsa ta ƙasa zuwa injin, kuma ba ta taɓa cewa ya yi mata kaɗan ba. Ba ta dogara da batir ba, don a kan gangare take kwana, hancinta na kallon kogi. Da safe in janye dutsen da ke gaban taya, mu gangara tare, in saki kuloci, ta ce "kuf... kuf... gwaram", shi ke nan gari ya waye. In tana hawa muryarta "gwaf-gwaf-gwaf" ce, mai natsuwa, ta wanda ya san inda za shi kuma ya san ba yanzu zai isa ba. In za ta canza giya takan yi wani siririn "ƙiii" kamar mai neman gafara. In za mu sauko kuwa, kashe ta nake yi don tsimin mai, mu gangaro shiru, ba ka jin komai sai garewanin madara suna gaisawa da juna a baya.

Ta ɗauki madara da kabeji da ayaba. Ta kai amare biyu, ta raka gawa huɗu, ta garzaya da masu naƙuda da ban ƙidaya ba, in ana kiran tafiyarta garzayawa. Ɗaya daga cikinsu a bayanta ta haihu don ba ta iya jira ba. Abin da ta haifa yau malami ne a Korogwe, kuma uwarsa ta ce har yanzu in ya ji warin dizal sai barci ya ɗauke shi.

Amma babban abin da za a tuna ta da shi shi ne hayaƙinta. Gidajenmu a warwatse suke a jikin dutse, hanya ɗaya ce tak ke hawa daga gada zuwa harabar ƙungiya, inda tankin sanyaya madara yake. Mai tatsa yana buƙatar rabin sa'a kafin ya sauko da garwarsa bakin hanya. In ya yi sammako da yawa madara ta zauna a rana, in ya makara mota ta wuce. Subira ce ta raba wannan gardama. Da zarar ta sha Kwanar Gada ta fara hawa, sai baƙin hayaƙi ya miƙe sama, mai kauri, wanda ake hangowa daga kowane tsauni. Mai tatsa ya ɗaure saniya, mai shan shayi ya ajiye kofi, kowa ya ɗauki garwa. Tafiyar Subira da tafiyar tsohuwa mai kaya a ka daidai suke, don haka a bakin hanya ake haɗuwa, ba wanda ke jiran wani. Bibi Makihiyo, dattijuwar da gidanta ya fi na kowa nisa a sama, ba ta da agogo ba ta da waya, amma cikin shekara ashirin da shida ba ta taɓa makara ba. Har makarantar firamare da hayaƙin nan take buga ƙararrawa.

Tunda takardar rasuwa ba wurin ƙarya ba ce, zan faɗa cewa akwai waɗanda ba su ga wannan alheri ba. Matan bakin hanya sun daina shanya fararen kaya sai bayan azahar. Masu babur suna kiranta gobarar daji, suna wuce ta da hanci a toshe. Maiɗakina Maman Zuberi, wadda ta yi shekara talatin tana ba da magani a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kullum a kujerar gaba nake rage mata hanya, kuma akwai wata 'yar ɓula a ƙarƙashin kujerar da hayaƙi ke leƙowa. Ta kamu da wani tari wanda ya bi ta har bayan ta yi ritaya. Ni na ce sanyin dutse ne. Ita ba ta taɓa musa mini ba, sai dai ta yi tarin ta kalle ni.

Watan jiya ƙungiya ta yi sabon magatakarda, Bwana Hozza, mutum mai karatu, mai karin guga a wando. Ya je taro birni ya dawo da labarin cewa masu sayen madararmu sun ce shayinsu yana ƙauri. Nan take ya kafa doka: duk motar da za ta ci gaba da ɗaukar madarar ƙungiya sai ta ci jarrabawa. Ba mu da na'urar auna hayaƙi irin ta birni, don haka ya ƙirƙiro tasa. Zai durƙusa a bayan mota, ya kara farin hankici a bakin salansa, ya ƙirga goma. In hankici ya fito fari, ya manna wa mota takardar shekara guda a gilashi. In ya fito baƙi, mota ta bar layi, a ba wani hanyarta. Motoci uku ne ke yi wa ƙungiya aiki, kuma ko shanu sun san wadda ake nufi. Aka sa ranar Juma'a.

Na gwada a gida da tsohuwar singiletina. Ban kai uku ba na janye ta. Maman Zuberi ta karɓa ta duba, ta ce in bar mata ta riƙa sauke tukunya da ita.

Tsoro ya kama ni, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba maganar abinci ba ce kaɗai. Shekara ashirin da shida dutse guda yana ɗaga kai ya nemi inda nake kowace safiya. Mutum in ya saba da haka, ba ya son ya koma dattijon da ke zaune a benci yana ba da labarin da, masu babur suna ce masa sannu da hutawa.

Ranar Litinin na gangara garin Mombo. A gefen gidan mai, wani mai sayar da kayan mota ya nuna mini 'yar kwalba shuɗiya. Ya ce ana zuba ta cikin mai, ta bi jijiyoyin injin, ta wanke kunkunniyar da ta taru tun daga ciki har bakin salansa, hayaƙi ya ragu. Ba na zarginsa, don gaskiya ya faɗa, har ƙa'ida ya gaya mini: kwalba ɗaya, tanki ɗaya. Bai tambaye ni girman tankina ba, ni kuma ban ga dalilin tona asirin marigayiya a gaban baƙo ba. Bunsurun da na sauko da shi kasuwa bai koma gida ba. Kwali guda ne ya koma a madadinsa, kwalba goma sha biyu.

Rubutun jikin kwalbar ƙanana ne ƙwarai, don haka na miƙa wa mai ilimin gidan, Maman Zuberi. Ta juya ta, ta nesanta ta da ido, ta ce tabaranta ya ɓata tun jiya. Sannan ta ajiye ta a tebur.

"Baban Zuberi," ta ce, "shekara talatin ina wannan aiki. Duk maganin da ya amsa sunansa sau uku ake shan sa, safe da rana da yamma, bayan an ci abinci. Kuma ba a yankewa don an ji sauƙi. Irinku ne ke shan biyu ku tura sauran ƙarƙashin katifa, cuta ta dawo da ƙannenta."

Ban ga inda maganarta ta saɓa wa ta mai shago ba. A yammacin nan na ba Subira kwalbar farko, bayan na cika mata jarka don kada ta sha da yunwa.

Talata ta yi aman abin da ta tara tun zamanin ubangijinta na farko. Dunƙule-dunƙulen baƙi suka riƙa faɗowa daga salansa, kaji na bi suna tsattsaga suna yarwa. Hayaƙin ranar ya ninka na kullum, har mutanen dutsen da ke ƙetaren kogi suka sauko da madara, alhali ba hanyarmu ɗaya ba. Laraba ya koma ruwan toka. Muryarta ma ta canza, "gwaf-gwaf" ɗin nan mai cika kwari ya koma "tas-tas-tas", kamar ana taka busasshen ganye. Na yi murna, na ce sauƙi ne ya fara samuwa.

Ranar ce makanikenta, Fundi Kaoneka, wanda ya fi kowa sanin cikinta, ya fito daga garejinsa ya tare mu a hanya, don ya ce ya ji muryar da bai sani ba. Na nuna masa kwalba. Ya karanta a hankali, ya tambaye ni nawa ta sha, na ce shida. Ya ce ta tanki mai lita sittin ce, kuma sau ɗaya ake zubawa a manta da ita wata uku. Daga nan ya kwanta a ƙarƙashinta ya daɗe bai fito ba.

"Mzee," ya ce daga can ƙasa, yadda ake kiran dattijo a nan, "ashe duk shekarun nan ba ka sani ba? Motar nan ba ƙusa ke riƙe da ita ba, dauɗa ce. Duk ɓular da ke jikinta kunkunniya ce ta toshe. Leƙo ka gani, salansa ta zama rariya, ina hango takalminka ta ciki. Ka bari haka, don Allah. Tsohuwa ba a yi mata wankan amarya."

A nan ya kamata in tsaya, kuma wannan shi ne laifina wanda ba zan ɗora wa kowa ba. Amma da yamma na gwada da wata singileti na kai har shida, kuma saura kwana biyu. Na kai wa Maman Zuberi maganar Fundi, ta ce makanike ƙarfe ya sani, bai san jinya ba, kuma ita ba ta taɓa ganin inda aka yanke magani aka ga daidai ba. Na bi tata, don ita ce ta faɗi abin da nake son ji. Garin neman gira na rasa ido.

Alhamis muka sha Kwanar Gada, na duba madubi ban ga komai ba sai hanya da bishiyoyi. Ban taɓa sanin haka bayana yake ba. Muka hau, na tarar da bakin hanya wayam, ba garwa ko ɗaya. Odar Subira ta daɗe da riga ta gidan gaskiya, don haka na riƙa dukan ƙofa da hannu ina kiran sunaye. Wasu suka sauko a guje, madara na zuba a wuyansu. Makaranta ba ta buga ƙararrawa ba sai da rana ta take. Bibi Makihiyo ta zauna a ƙofar gidanta tana kallon kwari har azahar, madararta ta yi tsami a gabanta, sannan ta aiko a yi wa Maman Zuberi gaisuwa, don ta ɗauka ni ne na mutu. Da yamma singileti ta kai tara.

Juma'a da safe na ba ta kwalba ta goma sha ɗaya. Ta hau dutsen a hankali fiye da yadda ta saba, tana barin layin baƙin mai a bayanta. Harabar ƙungiya ta cika, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma rabin waɗanda suka zo sun zo ne su ga yadda hankicin Bwana Hozza zai koma gawayi. Motoci biyun suka ci. Aka kira mu. Na tsayar da ita kusa da janaretan tankin sanyaya madara, wanda ƙararsa ke hana mutum jin tarin kansa. Bwana Hozza ya shimfiɗa jarida don wandonsa, ya durƙusa, ya fara warware hankici.

A daidai lokacin na ji ta a tafin hannuna, ta cikin sitiyari. Ta ce "tas... tas...", ta ja wani dogon "hhhh", sannan sitiyarin ya tsaya cik. Shekara ashirin da shida yana rawa a hannuna. Na san ta tafi, kuma saboda janareta ba wanda ya sani sai ni.

Abin da na yi bayan nan, Allah ya yafe mini. Na fara girgiza a kan kujera. Na kaɗa kafaɗu, na buga gwiwa a ƙofa, na yi ta jijjiga jikina don jikinta ya ci gaba da karkarwa yadda jama'a suka saba gani, hawaye na zuba a kan rigata. Mutane suka ɗauka fargaba ce. Bwana Hozza ya ƙirga goma da babbar murya, ya ɗaga hankici sama, fari fat. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Ilimi ke nan. Duk mai tsohuwar mota ya je ya tambayi Mzee Shemndolwa abin da ya yi."

Ya manna takarda a gilashi da hannunsa, ya ce in matsa a sauke madara. Aka sauke, na roƙi a ɗan tura ni bakin ƙofa. Na gangara da ita dutsen gaba ɗaya, ina sakin kuloci a kowace kwana, ina jiran "kuf" ɗaya kawai. Shure-shure ba ya hana mutuwa. Muka iso gida shiru. Fundi Kaoneka ya buɗe ta washegari, ya ce tun da yake bai taɓa ganin injin mai tsabta irin wannan ba, kuma ba abin da ya rage a ciki da ke riƙe da wani. Ta wannan takarda ina neman afuwar Bwana Hozza: hankicin da ya sa a gilashi ya rataye a ofishinsa, gawa ya auna da shi.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da jarkarta, da dutsen tayarta, da kwalba ɗaya da ba a buɗe ba. Ta bar Fundi Kaoneka, wanda ya aurar da 'ya'ya uku daga rashin lafiyarta. Ta bar gidaje arba'in da uku da ba su san ƙarfe nawa ba. Hanyarta an ba wani farin keke mai ƙafa uku, mai aiki da lantarki, wanda ke hawa shiru kamar kyanwa. Direbansa mutumin kirki ne, yana aika saƙon waya kafin ya taso, sai dai rabin dutsenmu waya ba ta kamawa sai an hau kan wani fa. Bibi Makihiyo ta sha madararta da kanta kwana biyar cikin tara.

Ta kuma bar Maman Zuberi, wadda tabaranta ya bayyana ranar Asabar da safe cikin gwangwanin sukari. Na tambaye ta ko da gaske mai karanta takardar magani shekara talatin ba ta iya karanta kwalba ɗaya ba. Ta ce in sha shayina kafin ya huce. Jiya na same ta tana shanya fararen zannuwa da hantsi, tana waƙa, ta kai ƙarshen baiti ba ta tsaya ta yi tari ba. Na manta tana da murya. Ban san ko in yi fushi ko in ji kunya ba, don haka na tsaya a bayan ƙofa na yi duka biyun.

Allah ya ba mu haƙurin rashi. Wanda Subira ta baƙanta wa wanki ya yafe mata, wanda ta makarar ya yafe mata, wanda ta bari a tsakiyar hawa da kaya ya tuna cewa ita ma ba da son ranta ba ne.

Za a yi zaman makoki a gidana da ke bakin gada daga Laraba zuwa Juma'a. Akwai shayi da mandazi, wato fanken ƙasarmu, da safe, dafaffiyar masara da wake da rana. Ba za a yi wa marigayiya wanka ba, don an riga an yi mata fiye da kima. Kujerar gaba za ta zauna a barandar gida, an toshe ɓular. Kwalbar da ta rage kyauta ce ga mai tanki na lita sittin, da sharaɗin ya zo da tabaransa.

Ranar Asabar za a kai ta Mombo, inda mai sayen tsohon ƙarfe ke jira da sikelinsa. Ba za a ja ta da igiya ba. Zan janye dutsen da hannuna, in zauna a mazaunina, ta gangara da ƙafarta kamar yadda ta saba, da takardarta a gilashi, wadda ba za ta ƙare ba sai baɗi. Ana roƙon masu babur su biyo baya ba tare da sun wuce ba. Wannan karon za su iya numfashi.

Abin da ya ɗaure wa masu shirya jana'iza kai shi ne yadda za a tara mutanen sama a kan lokaci. Bwana Hozza ya ce a aika saƙon waya, aka tuna masa rabin dutsen waya ba ta kamawa. Maman Zuberi ce ta ajiye butar shayi ta yanke magana.

"A ƙona tayarta ta safaya a Kwanar Gada," ta ce. "Ɗaya tak, Baban Zuberi, ba sau uku a rana ba. Ni zan tsaya ta inda iska ke fitowa."

Bwana Hozza ya tuna cewa yana da taro a birni ranar.

Saboda haka, mutanen dutse, in kun ga baƙin hayaƙi ya miƙe daga Kwanar Gada ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, ku ɗaure shanu, ku ajiye kofi, ku sauko yadda kuka saba. Wanda ya karanta wannan takarda ya taimaka ya hau ya gaya wa Bibi Makihiyo ta taho a hankali, za mu jira ta, amma ta bar garwar a gida. In kuma ta manta ta sauko da ita, kada kowa ya ce mata komai. A karɓa a ɗora a baya.